Me ya kai hoton ɗan wasa cikin kwalin sigari?

Tambaya: Malam, na karanta cewa an sayar da wani ɗan kati mai hoton ɗan wasan Amurka a kan sama da dala miliyan 7, wai kuma asalinsa kyauta ake saka shi a cikin kwalin sigari. Me ya haɗa taba da wasa? Kamfanonin taba ne suka mayar da wasanni kasuwanci?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka karanta haka yake. Katin na Honus Wagner ne, ɗan wasan besbol na kulob ɗin Pittsburgh Pirates. An buga shi a 1909, kuma a watan Agustan 2022 an sayar da guda ɗaya a kan dala miliyan 7.25. Tambayarka ta ƙarshe kuwa, amsarta a'a. Masu taba sun zo ne suka tarar kasuwar wasa tana ci. Abin da suka ƙara shi ne gano cewa fuskar ɗan wasa tana iya sayar da hajar da babu ruwanta da wasan. Katin nan makami ne a yaƙin da kamfanonin sigari suka yi da juna. Da yaƙin ya lafa sai ya ɓace, da ya sake tashi sai ya dawo, da aka sami makamin da ya fi shi sai aka yar da shi.

Besbol wasa ne na mutum tara-tara: ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin karawarsa ya make ta da gora, ya ruga yana zagaya tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ƙare a 1865, wasan ya game ƙasar. A 1869 kulob ɗin Cincinnati Red Stockings ya fito fili cewa duk 'yan wasansa albashi suke karɓa, kuma a shekarar ce wani kantin kayan wasa na Niyok, Peck & Snyder, ya buga hoton kulob ɗin a kati, ya sa tallarsa a baya. A 1876 aka kafa National League, wadda har yau tana nan. Albert Spalding, ɗan wasan da ya koma ɗan kasuwa, ya yi dabara ƙwallon kamfaninsa ta zama ita ake bugawa a gasar, don duk yaron da zai sayi ƙwallo ya nemi irin ta manya. A 1882 aka kafa gasar hamayya, American Association, wadda masu sana'ar giya suke da hannu dumu-dumu a cikinta: kuɗin shiga santi 25 maimakon 50, ana wasa ranar Lahadi, ana sayar da giya a cikin fili. A 1887 kulob ɗin Shikago ya sayar wa Boston da Mike Kelly, wanda ake wa laƙabi da King, a kan dala 10,000, kuɗin da ya sa mutane riƙe baki. Ka ga ke nan ana biyan albashi, ana yankar tikiti, ana cinikin 'yan wasa. Sai dai duk a bakin fili kasuwar take: wannan yana sayar da kayan wasa, wancan yana shayar da 'yan kallo.

Ita kuwa sigari, a lokacin ba ita ce tabar Amurkawa ba. Namijin da ya isa, taunawa yake yi, ko ya sha lofe, ko ya kunna ƙaton naɗin ganye. Sigari ana ganinta abin 'yan gayu ne da baƙi. Da hannu ake naɗa ta, ƙwararre yana yin kara huɗu a minti. Sai wani saurayi ɗan jihar Virginia, James Bonsack, ya ƙera injin naɗi, ya yi masa rajista a 1881. Injin yana fitar da kara 120,000 a awa 10, aikin mutum kusan 50 ke nan. Manyan kamfanoni suka yi masa kallon hadarin kaji, suna ganin mashaya ba za su yarda da naɗin inji ba, ga shi yana yawan tsayawa. James Buchanan Duke na garin Durham, a jihar North Carolina, shi ya karɓa a 1884, ya sa aka yi ta gyaransa har ya zauna, sannan ya ƙulla yarjejeniyar sirri da masu injin cewa kuɗin hayarsa zai kasance ƙasa da na kowa.

Nan matsalar ta juye. Da ana fama ne da yadda za a naɗa isasshiya, yanzu sigari ta fi masu shanta yawa. Wanda hajarsa ta fi kasuwa girma, dole ya ƙirƙiro masu saye. Duke ya karya farashi, ya shiga zuba kuɗi a talla ba ji ba gani. A 1889 kaɗai ya kashe dala 800,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar na cinikinsa. Abokan hamayyarsa ba su da zaɓi sai su bi.

Kwalin sigari na lokacin takarda ce mai laushi, in ta shiga aljihu sai karan ya karye. Shi ya sa ake zura ɗan kwali mai tauri a ciki ya tokare. Tun ƙarshen shekarun 1870 wasu suka ga asara ce a bar shi fari. Aka riƙa buga hotunan mata 'yan wasan kwaikwayo, da tutocin ƙasashe, da tsuntsaye, da jiragen ruwa. Hikimar tana cikin jerin ne. A buga 50, a bayan kowanne a lissafa sunayen duka, kuma ba ka san wanda ke cikin kwalinka ba sai ka buɗe. Wanda ya tara 43 ba zai canza sigari ba ko da ta maƙwabcinsa ta fi daɗi. Ai ma sigarin wannan kamfani da na wancan kusan abu ɗaya ne a baki, katin ne ya bambanta su.

'Yan besbol sun shigo sosai daga 1886 zuwa 1890. Kamfanin Goodwin na Niyok, mai sigarin Old Judge, shi ya fi kowa zurfafawa: ya fitar da hotunan 'yan wasa sama da 500, kowanne a tsayuwa iri-iri, har jimillar ta kai dubbai. Hotuna ne na gaske masu launin ƙasa-ƙasa, aka manna a kwali, kuma duk wanda ya ƙura musu ido sai ya yi murmushi. Kyamarar zamanin ba ta kama abu mai gudu, don haka a ɗakin mai hoto aka ɗauki yawancinsu, an rataya labule mai zanen fili a baya. Ƙwallon da ɗan wasa ya miƙa hannu zai cafke, da zare aka rataye ta daga sama, a wasu hotunan ma ga zaren nan ana gani. Wani kuma an kwantar da shi a daɓe, wai ya zamo ne zai taɓa tasha. Kamfanin Allen & Ginter na Richmond shi kuma zane mai launi ya yi, kati 50 na zakarun duniya, 10 daga ciki 'yan besbol, sauran 'yan dambe da 'yan kokawa da masu tseren kwalekwale da gwanayen harbi.

Kada ka raina abin da wannan ya yi wa wasan. Jaridun kullum ba su fara buga hoto na gaske a kai a kai ba sai ƙarshen shekarun 1890. Babu rediyo, babu silima. Yaron da ke wani ƙauye a Ohio yana jin sunan Cap Anson ko King Kelly, yana karanta sakamakon wasansu, amma ko a hanya suka haɗu ba zai gane su ba. Katin sigari ya haɗa masa suna da fuska, ya kuma kai ta garuruwan da babu babban kulob. Wasan ya sami tallar da bai biya ko sisi ba.

Akwai fuskokin da ba za ka gani ba. A 1884 Moses Fleetwood Walker, baƙar fata, ya buga wa Toledo a babbar gasa, amma kafin 1890 an rufe ƙofa, kuma shi Anson ɗin nan yana sahun gaba na masu cewa ba za su shiga fili da baƙar fata ba. Ba a sake buɗewa ba sai 1947, da zuwan Jackie Robinson. In kana son ganin manyan 'yan wasa baƙaƙe irin su Oscar Charleston a katin taba, sai ka nemi waɗanda aka buga a Kyuba a shekarun 1920, inda suke zuwa buga gasar hunturu.

A 1890 manyan kamfanoni biyar, wato Duke, Allen & Ginter, Goodwin, Kinney da Kimball, suka gaji da zubar da kuɗi, suka haɗe suka zama American Tobacco Company, Duke ne shugaba yana da shekara 33. Kusan kashi 90 cikin 100 na sigarin Amurka ya koma hannu ɗaya. Nan take katin besbol ya yi ɓatan dabo, kusan shekara 20. Ba wasan ne ya mutu ba: a 1901 American League ta zama babbar gasa ta biyu, a 1903 aka fara karawar zakarun gasannin biyu da ake kira World Series, taurari kuma ga su nan birjik. Abokin gaba aka rasa. Katin nan gyara ne, irin wanda mai awo take ƙara maka a kan mudu saboda ga wata zaune kusa da ita da irin hatsinta. Ran da ta zama ita kaɗai a kasuwar, sai ta shafe bakin mudu. Ɗan abin da ya saura shi ne na kamfanonin da ke wajen haɗakar, kamar jerin tabar taunawa ta Mayo a 1895, sai hotunan matan nan, waɗanda har mahaifin Duke, dattijo mai riƙo da coci, ya rubuta masa wasiƙa a 1894 yana roƙonsa ya daina saboda rashin kunyar da ke cikinsu.

Dawowarsa a 1909 ma gogayya ce ta jawo. Ƙananan masu naɗi a Niyok, da yawansu baƙi daga Girka da yankunan daular Usmaniyya, sun fito da sigarin ganyen Turkiyya, ta kuwa shiga ran mashaya. Ga gwamnati ta maka kamfanin Duke a kotu tun 1907 bisa laifin babakere. Kamfanin ya mayar da martani da nasa sigarin mai kamannin gabas, kuma sunayen za su ba Bahaushe mamaki: akwai Hassan, akwai Fatima, akwai Mecca, wato Makka. Ba ruwansu da abin da sunayen suke nufi a wajen masu su, ƙamshin baƙunta kawai suke sayarwa. Kowanne cikin ukun ya fito da nasa katin besbol tsakanin 1911 da 1913. Amma babban jerin shi ne wanda masu tarawa suke kira T206, na 1909 zuwa 1911: kati 524 masu farin gefe, faɗin kowanne bai kai inci ɗaya da rabi ba, a gaba ɗan wasa, a baya tallar ɗaya daga cikin nau'o'in taba wajen 16, irin su Piedmont da Sweet Caporal. Mai saye yana ganin sunaye barkatai a kanti yana zaton zaɓi yake yi, alhali aljihu ɗaya kuɗin ke shiga.

A wannan karon akwai abin da ya canza. Wata budurwa a jihar Niyok, Abigail Roberson, ta kai ƙarar waɗanda suka sa hotonta a tallar fulawa ba da saninta ba, sai babbar kotun jihar ta ce a 1902 doka ba ta ba ta wani haƙƙi ba. Hukuncin ya fusata mutane, majalisar jihar ta yi doka a 1903 cewa ba a sa suna ko hoton mutum a talla sai da izininsa a rubuce. To, maɗaba'ar da ke buga katunan a Niyok take. Kamfanin ya shiga neman sa hannun 'yan wasa ta hannun 'yan jaridar wasanni, yana ba su 'yar la'ada. A Pittsburgh an yi wa wani mai suna John Gruber alkawarin dala 10 in ya samo na Wagner. Kamar yadda jaridar The Sporting News ta ruwaito a 1912, Wagner ya ce ba ya son hotonsa a cikin sigari, ya kuma haɗa da cekin dala 10 daga aljihunsa don kada ɗan jaridar ya yi asara. An riga an fara bugawa, sai aka tsayar. Waɗanda aka san suna nan a yau wajen 60 ne.

Masana sun rabu biyu a kan dalilinsa. Iyalinsa sun ce ba ya son yara su sayi sigari don neman hotonsa. Wasu suka ce labarin ya cika daɗi. Mutumin nan taba yake taunawa, kuma a 1905 ya sa hannu da kamfanin Hillerich, masu gorar Louisville Slugger, aka riƙa buga sa hannunsa a jikin gora ana sayarwa, abin da ba a yi wa wani ɗan wasa kafinsa ba. Wanda ya yi haka ya san sunansa kuɗi ne, don haka, in ji su, tayin ne bai yi masa ba. Ni ina ganin masu kafa hujja da taunawarsa suna auna shi ne da ma'aunin yau. A 1909 taunar taba da shan sigari ba abu ɗaya ba ne a idon mutane. Taunawa al'adar manya ce, ta ma'aikatan haƙar kwal irin gidan da Wagner ya fito. Sigari kuwa ana ɗaukarta abar lalata yara: a 1899 Lucy Page Gaston ta kafa ƙungiyar yaƙi da ita a Shikago, kuma daga shekarun 1890 zuwa na 1920 jihohi 15 sun taɓa haramta sayar da ita gaba ɗaya. Mutum yana iya cika kumatunsa da ganye, ya kuma ƙi a sa fuskarsa a abin da yara ke rububi. Batun kuɗi kuwa, albashinsa dala 10,000 ne a shekara. Da ciniki yake so, da farashi zai faɗa, ba ceki zai aika ba.

Yaran kuma ba ƙage ba ne. Jaridun 1909 sun ba da labarin yara suna cincirindo a ƙofar kantuna suna roƙon duk wanda ya sayi kwali ya ba su katin, suna musaya, suna caca da shi. Kamfani zai ce shi manya yake sayar wa. Amma wanda ake horarwa shi ne ɗan shekara 10, wanda ya haddace Piedmont da Sweet Caporal tun bai taɓa ƙyasta ashana ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tsadar da ka gani kuwa daga baya aka gina ta. Katunan nan shara ce a idon iyaye, an zubar da yawancinsu. Wani ma'aikacin masana'anta a garin Syracuse, Jefferson Burdick, shi ya ƙarar da rayuwarsa yana tsara su. Kundinsa ya fara fitowa a 1939, kuma daga wajensa lambobi irin T206 suka samo asali. Ya ba gidan tarihi na Metropolitan da ke Niyok tarinsa na abubuwa wajen 300,000, ya yi shekaru yana manna su da hannunsa duk da ciwon gaɓoɓi, ya gama a farkon 1963, bai daɗe ba ya rasu. Da aka sami kundi sai aka sami farashi. A 1991 Wayne Gretzky, tauraron ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, da abokin kasuwancinsa suka sayi wani katin Wagner mai tsafta a gwanjo a kan dala 451,000. A 2007 wannan katin ya kai dala miliyan 2.8. A 2013 wani dillali da katin ya taɓa bi ta hannunsa, Bill Mastro, ya amsa a kotu cewa ya datse gefunansa don ya yi kama da sabo. Ko wannan bai karya kasuwar ba, don ƙaranci ake saye, da labarin ƙin da Wagner ya yi.

A 1911 Kotun Ƙolin Amurka ta ba da umarnin a wargaza kamfanin Duke. Kana iya zaton dawowar gogayya za ta ƙara wa katin rai, amma sai ga makamin da ya fi shi. A 1913 R.J. Reynolds ya fito da Camel, ya tattara kuɗinsa a kan suna ɗaya da tallar jarida a faɗin ƙasa, ya kuma rubuta a bayan kwalin cewa kada mai saye ya nemi kyauta a ciki, wai tsadar ganyen ba ta bar wurin kyauta ba. Cikin 'yan shekaru Camel ta zama ta ɗaya, sauran suka kwaikwaya. Katin ya koma hannun masu alawa da cingam, daga Cracker Jack a 1914 zuwa Goudey a 1933 da Topps a farkon shekarun 1950. Taba dai ba ta bar fili ba. Tun wajen 1910 tabar Bull Durham take kafa ƙaton bijimin katako a bangon filaye, duk wanda ya make ƙwallo ta same shi yana da dala 50, wato dubban 'yan kallo suna zuba wa allon talla ido da kansu. A shekarun 1930 kuma Camel ta riƙa fito da taurari a jarida suna cewa sigarinta ba ta yanke numfashi.

Shi ɗan wasan fa? A zamanin Old Judge babu dokar da ta ce a tambaye shi. Tun 1879 masu kulob suna da sharaɗin da ke ɗaure ɗan wasa ga kulob ɗaya, kuma wanda bai mallaki ƙafarsa ba ina zai mallaki fuskarsa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai a 1953, a shari'ar Haelan da Topps, kamfanonin cingam biyu da ke rigima a kan wa ya riga wani karɓar sa hannun 'yan wasa, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce darajar hoton mutum dukiyarsa ce, yana iya sayar wa wanda ya so. Ko bayan haka dala 125 Topps yake biyan ɗan wasa a shekara, har Marvin Miller ya karɓi ragamar ƙungiyar 'yan wasa a 1966 ya sa suka ƙi sabunta kwantiragi. A 1968 aka ninka kuɗin, aka kuma ba su kaso daga ciniki.

Wani reshen labarin ya iso har wajenmu. A 1901 Duke ya tsallaka Ingila ya sayi kamfanin Ogden's na Liverpool. Kamfanonin Birtaniya 13, ciki har da Wills da Player, suka haɗe suka zama Imperial Tobacco don su tare shi. A 1902 aka sulhunta: kowa ya tsaya a ƙasarsa, sauran duniya kuma aka kafa mata kamfanin haɗin gwiwa, British American Tobacco, Duke ne shugabansa na farko. Kamfanin nan ne ya shigo Najeriya a 1912, kuma daga tsatsonsa masana'antar taba ta Zariya ta fito. A Ingila katin sigari ya fi daɗewa, da hotunan 'yan kurket da 'yan ƙwallon ƙafa, har ƙarancin takarda na yaƙin duniya na biyu ya tsayar da shi a 1940.

In akwai lokacin da zarginka ya fi kusa da gaskiya, to bayan an hana talla ne. A 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoton da ya danganta sigari da sankarar huhu. Aka hana tallarta a rediyo da talabijin daga 2 ga Janairun 1971, kuma an ɗaga da kwana ɗaya ne don kamfanoni su ci tallar wasannin jami'o'i na ranar sabuwar shekara. Kuɗin da aka kora ta ƙofa sai ya shigo ta fili. A 1971 babbar gasar tseren motoci ta NASCAR ta koma Winston Cup, da sunan sigarin Winston, gasar tanis ta mata ta ɗauki sunan sigarin Virginia Slims, a 1972 sigarin Marlboro ta hau jikin motocin tseren Formula One, aka kuma kafa allunanta a filaye daidai inda kyamara take fuskanta, har sai da ma'aikatar shari'a ta sa kamfanin Philip Morris, mai Marlboro, ya matsar da su a 1995. A wannan zangon taba ba hoto ta ara ba, gasa sukutum ta saya. Yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya da ta fara aiki a 2005 ta sa ɗaukar nauyin wasanni cikin abubuwan da ƙasashe za su hana, Najeriya ma ta yi tata dokar a 2015. Gasar sunuka ta duniya, wadda ta yi shekara 30 da sunan sigarin Embassy, da ta rabu da shi a 2005 hannun kamfanin caca ta faɗa.

Shi besbol ya daɗe bai rabu da taba ba. Tony Gwynn, ɗaya daga cikin gwanayen wasan, ya rasu a 2014 yana da shekara 54, da sankarar da ta kama shi a kumatu wajen da yawu ke fitowa, wadda shi da bakinsa ya ɗora wa tabar da ya yi shekaru yana dasawa a wurin. Sai a yarjejeniyar 2016 tsakanin masu kulob da ƙungiyar 'yan wasa aka hana sababbin shiga babbar gasa taunar taba a fili. Waɗanda suka riga suka shiga an bar su da abarsu, sai a biranen da suka yi tasu dokar, irin su San Francisco, Boston da Niyok.